Albasar Rudu da Safar 'Yar Tsoho

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Tun da na haifi Aminu mata ke tare ni a gidan suna da gidan biki suna tambayata labarin dashen ƙwan da aka yi mini a Abuja, wasu har da rage murya kamar masu tambayar inda ake sayar da kayan sata. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Amma in faɗa tun yanzu, allurai da asibitin Abuja ƙaramin abu ne a labarin nan. Babban abin shi ne jinyar 'yata ta fari, wadda muka kusa rasawa a tsakiyar hidimar. Ba likita ne ya yi sakaci ba. Mu ne muka yi magana a gabanta muna ganin ai yarinya ce.

Ni 'yar Maiyama ce, aure ya kawo ni Aliero, ina koyarwa a wata firamare. Malam, maigidana, manomin albasa ne ɗan manomin albasa, gonarsu tana wajen Jiga Birni. Lokacin da aka ɗaura mana aure babu mai tambayar takardar gwajin jini. Sai bayan na haihu muka san ni AS ce shi ma AS, wato kowannenmu yana ɗauke da rabin sikila a jininsa, yana yawonsa lafiya lau bai sani ba.

Yarinyar tana wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta wuni tana tsala ihu. A Aliero kuwa duk abin da ya taɓa ƙashi ba a fara tunanin asibiti, ga masu ɗori nan da ake zuwa wurinsu daga nesa. Namu ma a cikin gida yake, surukina, wanda kowa ke kira Tsoho. Maƙwabta suka ce targaɗe ne, mai goyo ta kayar da ita. Tsoho ya karɓe ta ya bi gaɓoɓinta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe, sannan ya ce, "Wagga ba karaya ba ta. Ƙashi lahiya lau shike, ciwon can ciki na. Ku kai ta Jega, hannuna bai kai nan." Daga ranar ya ɗauke ta tasa. Duk gidan 'Yar Tsoho ake kiranta. Tana sace masa goro, tana ce masa mai kan ƙwarya, shi kuma yana ce mata matarsa da ba ta iya ko dama fura ba.

Ni kuwa ban taɓa kiranta da kowane suna ba. A gidanmu na Maiyama uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma mun ɗauke ta ado. Ni ma 'yar fari ce, haka Inna ta yi mini, haka na yi. Shekara tara "ke" nake ce mata, ita kuma tana ce mini Adda, kamar yayarta. In ciwonta ya tashi ni ke gasa mata jiki da tawul da ruwan ɗumi, amma da wani ya shigo ɗakin sai in janye hannuna in kama wani aiki. Ina son yarinyar nan har cikin ƙashina, sai dai na ɗauka ta sani.

Bayanta na haifi Abdullahi. Shi ma SS, wato mai cikakkiyar sikila kamar yayarsa. Yana da shekara biyu da rabi zazzaɓin kwana biyu ya ƙone masa jini, muna kan hanyar Jega Allah ya karɓi abinsa. Likitanmu na can ya taɓa yi mana bayani cewa kowane ciki kashi ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa da cutar, kuma ba layi ake bi ba. Ni sau biyu ta faɗo kaina. Na rufe maganar haihuwa shekara huɗu. Dangi suka ba Malam shawarar da kowa ya sani, ya ce ya ji, ya gode, ya koma gonarsa.

Likitan nan ne wata rana, mun kai yarinyar awo, ya gaya mana akwai wata hanya. A ɗebi ƙwan mace a haɗa da na mijinta a asibiti, a bar su kwana biyar su fara zama, a ɗan tsaguri kowanne a gwada, wanda ba shi da cutar shi za a dasa a mahaifa. Malam ya je wurin malaminsa a Jega ya tambaya. Aka ce masa in dai ƙwan na matarsa ne, ruwan nasa ne, igiyar aure tana nan, kuma cuta ake gudu ba zaɓen namiji da mace ba, babu laifi. Saura guzuri. Abin da zai kai mu shi ne albasar gidan ta shekarar gaba ɗaya, da wani yanki na fadama. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai Tsoho ya yarda.

Wanda bai san Aliero ba, rudu rumfa ce ta kara da ake ɗagawa bisa sanduna a yi mata jinka, a zuba albasa ta sha iska tun daga girbi har damina ta kama ta yi daraja. Duk bayan 'yan kwanaki sai an hau an tsince wadda ta fara ruɓewa kafin ta shafi sauran. Ranar da muka je wa Tsoho da maganar, tsintar yake yi. Aikin 'Yar Tsoho shi ne ta ɗauki ruɓaɓɓun a tasa ta kai juji. Inna ma tana nan, ta zo daga Maiyama ganin gida.

Malam ya yi bayani sau biyu, Tsoho na kallonsa kamar yana karanta masa Turanci. Inna ta ce, "Ni dai abin ga bai kwanta min ba. Shiga hurumin Allah na." Malam ya sake ɗaukowa daga farko. Can sai fuskar Tsoho ta washe, ya ɗaga albasa biyu, ɗaya a kowane hannu.

"Ashe tsinta ta za a yi," in ji shi. "Awa wada mu ka yi nan. A duba mai kyau a aje ta iri, ruɓaɓɓa a kai juji. To mi na na abin jayayya? Ko ni da ban yi boko ba, ba ni shibka ruɓaɓɓa. Ku kwashe albasa ku tahi."

Muka yi dariya dukanmu, har Inna. Ni daɗi ya cika ni, don na yi zaton za a sha fama. Yarinyar tana tsaye da tasa a kanta. Ta juya ta nufi juji, ta dawo ta ci gaba da aikinta.

Bayan kwana kaɗan aka buƙaci jininmu mu uku a aika Abuja, don su san alamar da za su nema. Ana ɗaure mata hannu ta tambayi ubanta, "Baba, mi za a yi da jinina?" Ya ce, "Don a gane masu irin naki a ware su." Ta ce, "To." Ina zaune a wurin, da kunnena na ji, ban ga komai a ciki ba.

Makon farko da na biyu ina Abuja, a gidan wata ƙawata da muka yi makaranta tare. Inna ta zauna ta riƙe mini gida. Kullum allura a ciki, ni da ko ta zazzaɓi sai an riƙe ni. Cikina ya kumbura, raina ya yi ta ɓaci ba dalili, na yi wa Malam faɗa a kan ya sayo lemo mai tsami. Duk bayan kwana biyu a koma ɗaukar hoton ciki. Layin asibitin nan shi ne layi mafi shiru da na taɓa bi. Mata cike da benci, masu gwal da marasa shi, kowa idonta a ƙasa, kowa tana addu'ar kada ta haɗu da wadda ta sani.

Ina kiran gida kullum, amma ba zan iya tambayar Inna lafiyar 'yar fari ba, sai in ce, "Ina 'yan gida?" Ita ma ta san wa nake nufi. Ta ce, "Lahiya lau. Ko uhum ba ta cewa. Ruwa ya bugo su daga Islamiyya shekaranjiya, ta jiƙe sharkaf, ko atishawa ba ta yi ba. Jiƙon da ni ka ba ta na, na hwaɗa muku." Na yi hamdala na kashe waya. Yarinyar da yayyafi kaɗan ke kwantar da ita, a ce ruwan sama ya dake ta ba ta ce uffan ba, ni kuma in yi murna. Har yau ina jin haushin kaina.

Aka ɗebi ƙwai goma sha ɗaya, biyar suka kai kwana biyar. Aka tsaguri kowanne, aka daskarar da su, aka ce mu koma gida mu jira sakamako kamar mako uku. Matar da ke kula da ɗakin gwajin, wata mai fara'a da Hausarta ta bariki, ta nuna mini ta gilashi wata tukunyar ƙarfe mai kama da tulu. Ta ce a nan suke, cikin sanyin da ya fi ƙanƙara nesa ba kusa ba. Likitan wurin kuma ya faɗi wata magana da ta zauna mini: "Hajiya, mu ba ma ƙera yaro. Leƙawa kawai muke yi, mu gaya miki abin da muka gani."

Mako na uku muka dawo. Na sami yarinyar ta rame, idanunta sun yi ɗorawa, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Na ce, "Ke, ina ka miki ciwo?" Ta ce, "Ba ko'ina, Adda." Ta daina sa rigar sanyinta, ta daina sa safar ulun da Tsoho ya sayo mata, wadda da ko da rana ba ta rabuwa da ita. Ƙwayoyinta na kullum, na ƙarin jini da na kariyar zazzaɓi, Inna ta ce tana karɓa ta ce za ta sha a waje. Na yi niyyar kai ta Jega, amma jikina ni ma bai dawo ba, na ce sai jibi.

Washegari bayan azahar Tsoho ya zo yana tsokanarta, ya kamo hannunta wai ta biya shi goronsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ko motsa fuska ba. Amma sai na ga ya daina dariya. Ya bi hannun da yatsa har kafaɗa, ya dafa haƙarƙarinta, ya saurari numfashinta.

"Ɗiyag ga cikin ciwo take, kuma ta daɗe cikinai," ya ce. "Ƙashi bai yi min ƙarya. Ku tashi."

Kafin a samo mota numfashinta ya koma sama-sama, jikinta ya ɗau zafi. A hanyar Jega ina rungume da ita, hanyar da na bi da Abdullahi, ina gane kowace kwana da kowane rami. Ban san na iya addu'o'i da yawa haka ba.

Mako na huɗu shi ne mafi tsanani. Ciwon ya hau ƙirji, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Aka sa mata iska a hanci da ƙarin ruwa, aka ce a nemo jini. Ni da Malam muka miƙa hannu, likita ya ce ya fi son jinin wanda ba shi da ko rabin cutar. Kafin la'asar ƙannena sun iso daga Maiyama a mota ɗaya, su kuma masu lodin albasa na Aliero, da suka ji 'Yar Tsoho ce, suka bar mota rabin lodi suka zo suka yi layi, warin albasa ya cika barandar. Allah ya saka musu. Cikinsu akwai ƙato guda da ya suma da ganin allura, har yau ana yi masa tsiya.

Ba zan ɓoye ƙorafi ba. Komai sai ka saya da kanka a waje, har safar hannu da auduga. Ranar na uku tukunyar iskar ta ƙare, aka bar mu muna kallon juna har aka nemo wata. Akwai ma'aikaciyar da in ka kira ta sai ta gama labarinta tukuna. Amma akwai wata kuma, 'yar siririya, da ke zuwa ko ba aikinta ba ne ta gyara mata matashi ta ɗumama mata ruwa. 'Yan dubiya kuwa kowa da asibitinsa a baki. Wannan ta ce nonon raƙumi, waccan ta ce zogale da zuma, wata ta ce akwai tsohuwa a ƙauyen Kashin Zama da ke raba mutum da sanyin ƙashi a kwana bakwai. Na karɓi rubutun da aka kawo don ayar Allah ce, sauran na ce na gode.

Likitanmu ya kira ni gefe. Ya ce, "Malama, mai sikila da ke kuka ba ya ba ni tsoro. Wanda ya yi shiru nake tsoro. Ciwon nan ya fi kwana goma a jikinta. Yarinyar da na sani tana gaya mini inda ke mata ciwo tun kafin in zauna. Me ya sa ta yi shiru?" A ranar kuma Inna ta je gida ɗauko kaya, ta dawo ta ce wata maƙwabciya ta ga ƙwayoyin magani zube a juji cikin ruɓaɓɓiyar albasa.

Mako na biyar aka cire mata iskar. Zazzaɓi ya sauka, amma ta ƙi abinci, ta ƙi magana, kullum fuskarta a bango. Likita ya ce nasa aikin ya kusa ƙarewa, in ba ta ci ba kuwa za a koma gidan jiya. Wata safiya Tsoho ya zo da fura a ƙwarya. Ni, Malam da Inna duk muna ɗakin, ga majinyatan sauran gadaje uku.

"Tashi, raguwar mata," ya ce. "Miji ya zo da hura da kainai, an taɓa yin haka?"

Ba ta juyo ba. Ya zauna a bakin gadon ya rage murya. "Mi anka yi miki? Hwaɗa min in rama miki."

Ta ce, fuskarta na bango, "Tsoho, in an kawo mai kyau, ni juji za a kai ni?"

Ta ci gaba, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ban yi kuka ba ko sau guda. Na bar shan magani, na bar sa safa. Cewa niy yi in ban yi ciwo ba, ba a ganewa ni ruɓaɓɓa ta."

Tsoho ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Bakina na. Magana zarar bunu ta, na zaro ta ban duba wa ka tsaye ba. Ke, shekara sittin ina tsintar albasa, ko guda ba ta taɓa sace min goro ba, ko guda ba ta taɓa ce min mai kan ƙwarya ba. Ina ke ina albasa?"

Ta juyo, amma ba shi ta kalla ba. Ni ta kalla. "Kai na san kana so na," ta ce masa. "Ita ta ka son wani. Ko sunana ba ta hwaɗi."

Na dubi Inna, na dubi surukina, na dubi baƙin matan da suka zuba mana ido. Na tashi na hau gadon na jawo ta jikina a gaban kowa, na ce, "Hauwa'u." Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Na sake cewa, "Hauwa'u. Hauwa'una." Sai ta fashe da kuka, kukan kwana ashirin da ta tara, tana cewa ƙafarta, bayanta, ƙirjinta, tana lissafo su duka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro ba sai ranar.

Da ta lafa ta tambaye ni abin da nake tsoro. "Adda, da an gwada ni tun ina ƙwai, da kin ɗauke ni?"

Na so in ce ƙwarai kuwa, amma yarinyar da ta iya ɓoye ciwon ƙirji za ta gane ƙarya. Na ce, "Ban sani ba. Sa'an nan ban san ki ba. Ciwon ni ka gudu, ba ke ba. Da ana tsince shi a bar min ke, da na sai da dut abin da ni mallaka. Yanzu da nis san ki, ko an ba ni ɗiya goma masu lahiya ba ni musanya." Sannan ta ce wa Tsoho ya miƙo furar, kuma bai dama ta da kyau ba.

Inna tun kiran farko ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita. Na same ta a baranda idanunta jajur. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kin yi rashin kunya gaban surukinki. Allah shi yi miki albarka."

Mako na shida, ranar da za a sallame mu, aka kira daga Abuja. Cikin biyar ɗin, ɗaya AA, wato marar ko rabin cutar, biyu AS, biyu SS. Wannan karon ban yi magana a kanta kamar ba ta wurin ba, na zauna na gaya mata dalla-dalla. Ta ce, "Ki ɗauko wanda bai ciwo, Adda. Ni na san shi, ke ba ki san shi ba." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai kuma ta tambayi inda ake ajiye su. Na ba ta labarin tukunyar ƙarfe da sanyin da ya fi ƙanƙara. Nan take fuskarta ta canza.

"Har biyun ga masu irin nawa?"

Na ce har su.

"Sanyi na tada ciwon hwa," ta ce. Na yi mata bayanin cewa ba su da jiki tukuna, ba su da ƙashin da zai yi ciwo, ba a busa musu rai ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta sunkuya ta zare safar ulun da ta koma sawa, ta naɗe ta miƙo mini. "Ki kai musu dai. Kuma kar a kai su juji."

Sauran labarin gajere ne. Bayan wata biyu aka dasa mai AA ɗin, bai zauna ba. Na yi kuka, na ce na haƙura, albasa ta tafi, fadama ta tafi. Hauwa'u ce ta dame ni da ai saura biyu. Aka dasa ɗaya daga cikin masu AS, Allah ya sa ya kama. Shi ne Aminu, mai irin jinina da na ubansa, ƙato mai cin tsiya, ya fara rarrafe yana jan gemun Tsoho. Masu SS ɗin biyu na sa hannu a ci gaba da ajiye su. Ban san abin da za mu yi da su a ƙarshe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na sani ba. Hauwa'u ba ta warke ba, sikila ba ta warkewa da kiran suna. Damina ta bana ma mun kwanta sau ɗaya. Amma yanzu da ya motsa take kwaɗa mini kira daga ɗaki, ni kuma in amsa da sunanta har maƙwabta su ji.

Ga masu tambaya: ku yi gwajin jini kafin a sa rana, ba bayan an raba goro ba. Dashen ƙwai yana da wuya, yana cin dukiya, kuma ba kowane ke kamawa ba. In kuna da mai sikila a gida, ku ji tsoron shirunsa fiye da kukansa. In kuma za ku yi maganar zaɓen mai lafiya, ku duba wa ke tsaye da tasa a bayanku. Ina godiya ga likitanmu na Jega, da 'yar siririyar ma'aikaciyar nan, da masu lodin albasa, da Inna, da Tsoho wanda bakinsa ya ɓata hannunsa ya gyara. Allah ya ji ƙan Abdullahi, ya ba duk mai jinya lafiya.

Maganar safa na bar ta ƙarshe da gangan. Ranar da muka koma Abuja dashen farko, na yi ta jujjuya ta a jaka ina jin nauyin fito da ita, kada a ce baƙauyiya ta zo da shirme. Da za mu tafi dai na daure na miƙa wa matar ɗakin gwajin, na ba ta labarin a taƙaice. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba a shigar da kayan waje inda tukunyar take, amma akwai ƙusa a bangon da tukunyar ke jingine ta baya, za ta sa a leda ta rataye a nan. Ta ɗauko 'yar takarda mai gam da biro, ta ce a wurinsu komai sai an rubuta masa sunan mai shi.

"Wane suna zan sa?"

Ga Malam a tsaye, ga likita, ga mata cike da benci. Na ɗaga murya yadda ba sai ta sake tambaya ba.

"Rubuta Hauwa'u. 'Yata ce ta fari."